Lofe da Bindigar Toka: Yadda Za Ka Fita da Su Ka Dawo da Yatsunka Goma

Kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, kara ya bushe a gonaki. Daga Korgom har Kanambakashe, yanzu ne mahalba ke sauko da bindigogi daga rataya suna goge tsatsa. Bukukuwa ma sun kankama: naɗin sarauta, tarbar manyan baƙi, hawa, inda 'yan bindigar fada ke cika gari da ƙara da hayaƙi. A cikin masu fitar nan akwai waɗanda ba sa ƙetare zaure sai da lofe da battar taba.

Ƙanena, idan kana cikinsu, da kai nake. Ba wa'azin daina taba na zo yi maka ba. Likita ya faɗa, malam ya faɗa, matarka ta faɗa har bakinta ya gaji, kuma ka san gaskiya suka faɗa. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne garwashin da ke bakinka da albarushin da ke rataye a kafaɗarka, tsakaninsu ko kamu ɗaya babu. Idan gobe da asuba za ka fita, ga yadda za ka yi.

1. Tun daren yau ka raba jaka.

Jaka biyu, ba ɗaya ba. Burgaminka na farauta ya ɗauki ƙahon albarushi da ma'auni da harsashi da tsumman ɗuri. Lofe da taba da abin kunna wuta su shiga wata ƙaramar jaka daban, ko aljihun da ba ka taɓa sa albarushi a ciki ba.

Ka rataya su a ɓangare daban-daban. Albarushi a dama, taba a hagu, ko akasin haka, amma kullum haka. Hannu yana da sabo. Ranar da ka gaji, ko duhu bai gama washewa ba, sabon nan ne zai yi maka aiki.

Kafin ka zuba komai, ka juye tsohuwar jakar ka kakkaɓe ta a waje, nesa da murhu. Ɗinkin gindin burgami yana tara ƙurar albarushi ta shekaru. Ba ka ganinta, amma tana nan.

2. Kada mazubi biyu su yi kama.

Wannan kuskure ne da ake yi wa dariya har sai ya faru. Garin taba mai duhu da albarushin gida, a hasken tocila da asuba, ba su da wani bambanci a ido. Idan duka biyun a gwangwanin Nescafé ka zuba su, ka haɗa wa kanka tarko.

Taba a batta ko gwangwani. Albarushi a ƙaho ko ɗan gora mai toshiya mai kyau. Siffarsu ta bambanta yadda ko a rufe idonka yake, yatsunka za su gaya maka abin da ka riƙe.

3. Ka kula da tabar, hunturu ba ya raga mata.

Iskar hunturu tana tsotse taba cikin yini guda. Ganyen da ka saya da laushinsa, kafin la'asar ya koma gari. Busasshiyar taba tana ci da sauri, tana ƙona harshe, kuma ita ce mai tartsatsi idan iska ta bugi bakin lofe. Wato ba daɗi kawai ka rasa ba, haɗari ka ƙara.

Taba kamar goro take, tana son ɗan danshi da rufi. Ka jiƙa ɗan ƙyalle mai tsabta, ka matse shi sosai, ka manna shi a cikin murfin batta yadda ba zai kwanta kan ganyen ba. Wasu ɓawon lemu suke sawa. Yana yi, amma kada ya wuce kwana ɗaya a ciki, in ba haka ba fumfuna za ta kama. Tabar da ta yi fumfuna kuwa zubarwa ake yi.

Ga wani dalilin raba jaka kuma: danshin da taba ke so shi ne ajalin albarushi. Albarushin da ya sha raɓa ko dai ya ƙi tashi, ko ya yi jinkirin tashi, kuma na biyun ya fi muni.

Ka ɗebi ta yini ɗaya kawai. Sauran ka bar ta a gida.

Taba dai ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya sauka Tasawa a watan Janairun 1851, ya rubuta daga baya cewa tabar Katsina tana da daraja har Tumbuktu. Kakanninmu sun sha ta, sun kuma riƙe bindigar ɗuri tun kafin zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, wanda rundunarsa ta yi suna da bindigogi. Waɗanda suka tsufa da idanunsu biyu a cikinsu, ba da sa'a kaɗai suka tsufa ba. Suna da ƙa'ida.

4. Lofen kansa.

Idan na yumɓu ne, ka zare karan daga kan, ka naɗe kowanne a tsumma, ka sa a gwangwani ko tsohon gidan tabarau. Kada ka soke shi a hula ko ka cusa a aljihun wando. Tsugunno ɗaya a bayan sabara ya isa ya raba shi biyu.

Ka tafi da shi babu komai a ciki. Kada ka ɗura tun daga gida wai don sauri. Kada kuma ka mai da shi jaka da sauran taba a ciki kana cewa ai ta mutu. Wutar lofe tana iya lafewa a ƙasan toka ta daɗe, sama sanyi, ƙasa ja.

Ka nemi abin rufe bakinsa saboda iska. Murfin kwalbar lemo da aka huhhuda da ƙusa yana yin aikin. Ka haɗa da ɗan tsinke na sharewa, wanda ba shi ne kake sokawa a hancin bindiga ba.

5. Abin kunna wuta: ɗaya tak, kuma a rufe.

Birike ya fi sauƙi, amma ba ya son zafi. Kada ka bar shi a rana a kan sirdin babur. Ashana kuma ta zauna cikin kwalinta, kwalin cikin leda. Ashanar da ta warwatse a gindin jaka tana gogayya da ƙarfe, ba abin wasa ba ce.

Masu son yi irin na da, da ƙyastu da ƙanƙara da audugar rimi, babu laifi, har ma yana da kyau a ido. Sai dai ka tuna aikin ƙyastu watsa tartsatsi ne, ba ya zaɓen inda zai sauka. Shi ya fi kowanne buƙatar nisa da ƙaho.

Abin da kake sawa a hancin bindiga don tayar da wuta, ko na kanti ne ko na kan ashana, shi ma da mazubinsa daban. Ba ya zama da taba, ba ya zama cikin albarushi.

6. Takarda kafin taba.

Mutum zai manta takardar bindiga amma ba zai manta batta ba. Ka juya lissafin. Dokar farauta ta Nijar, mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilun 1998, ita ce ke tsara wanda zai yi farauta da lokacin da za a yi da dabbar da aka hana taɓawa. Akwai ofishin ma'aikatan gandun daji a Tasawa, akwai a Mayahi. Ka je da ƙafarka ka tambaya ko an buɗe farautar bana, wace takarda ake nema, wace dabba ce ba a halbi. Kada ka dogara da “an ce”.

Dokar ta hana kora da wuta, da guba, da farautar dare da fitila, da bin dabba a mota. Gandun Gadabeji da ke gundumar Bermo, inda aka kai raƙuman dawa daga Kure a 2018, ko kusa kada ka je da bindiga.

Sannan ka san halin da ake ciki. Mutum da bindiga a daji yanzu, a jihar Maraɗi, ba kowa ne zai tsaya tambayarsa ko zomo yake nema ba. Ka sanar da mai gari da sarkin mahalban yankin kafin ku fita. Ku fita a ƙungiya, da rana, da katin shaida a aljihu. Idan kun haɗu da jandarmomi, bindiga a ƙasa, hannu a fili, magana a hankali.

7. A kan hanya babu shan taba.

Yawancinku a babur kuke zuwa bakin daji, wani da kwalbar fetur ɗaure a baya. Fetur, albarushi, iska, ga lofe a baki. Ba sai na ƙarasa ba. A amalanke ma haka, musamman idan an shimfiɗa kara ko harawa.

Bindiga ta yi tafiyar babu ɗuri. Sai an sauka a ɗura.

8. Lokacin ɗuri, lofe yana jaka, a mace, a sanyaye.

Nan ne gaɓar da babu sassauci. Ba a ɗura bindiga da lofe a baki, ko a kunne yake ko a kashe. Ba a ɗura kusa da mai shan taba. Idan abokinka ya matso da sigari a hannu, ka toshe ƙaho ka ce ya ja da baya, ko da yayanka ne. Kan sigari idan aka zuƙa zafinsa yana kai digiri 900 a ma'aunin Salshiyas. Albarushi ba ya jiran zafi ya kai nan, ƙwayar tartsatsi ɗaya ta ishe shi.

Kada ka taɓa zuba albarushi kai tsaye daga ƙaho zuwa bakin bindiga. Daga ƙaho zuwa ma'auni, ka toshe ƙaho, sannan daga ma'auni zuwa bindiga. Dalili: bayan halbi, guntun tsumma mai wuta yana iya maƙalewa a cikin bututu. Idan ma'auni ne a hannunka, abin da zai tashi ɗan kaɗan ne, ka sha ƙuna a yatsa. Idan ƙaho ne, duk abin da ke ciki zai tashi a tafin hannunka, dab da fuskarka.

Tsakanin halbi da halbi, ka ɗaura tsumma mai ɗan danshi a sandar ɗuri ka share ciki, ka bi da busasshe. Al'adar hura bakin bindiga da baki, ka bar ta. Fuskarka ba ta da abin yi a saitin bututu, ko da ka rantse babu komai a ciki.

Ma'aunin da maƙerin bindigarka ya nuna maka, kada ka ƙara a kai. Kuma kada wani ya ruɗe ka ka kwance harsashin zamani ka zuba hodarsa. Ƙarfinta ya fi abin da bututun maƙera zai ɗauka, fasa shi za ta yi.

9. Ka yanka wa taba lokacinta.

Sha'awar taba ba ta da agogo, don haka kai za ka yi mata. Ka ce sau biyu: da hantsi idan an yi zango, da kuma bayan an tashi daga farauta. Abokan tafiya su sani, don kada wani ya buɗe ƙaho a lokacin.

Idan an zo zangon, ga tsarin, kuma kada ka tsallake ko ɗaya.

Ka cire abin tayar da wuta daga hancin bindiga. Ka kwantar da ita a kan jaka ko reshe, bakinta yana kallon inda babu mutum babu dabba, kuma kada ya caki yashi. Kada ka jingina ta da itace, kare ɗaya ya gifta ta faɗi.

Ka sauke burgami da ƙaho a wurin. Kada ka ce ai a rufe yake.

Ka duba iska. A hunturu daga arewa maso gabas take tasowa. Kayan albarushi su kasance ta inda iska ke fitowa, kai kuma ka koma ta inda take tafiya, taku ashirin ko fiye. Ta fara bi ta kansu sannan ta iso gare ka. Ta haka duk tartsatsin da ya tashi daga lofenka gaba zai yi, ba zai koma kansu ba.

Ka kakkaɓe hannun riga da gaban riga da gemu. Ka wanke hannu da ɗan ruwa. Wanda ya yi ɗuri sau uku ko huɗu, ƙurar albarushi tana nan a ƙarƙashin farcensa da bakin aljihunsa.

Ka share ƙasa da ƙafa har yashi ya fito fili, faɗin tabarma. Ka zauna. A zaune ake shan lofe a daji, ba a tafe ba.

10. Kashe wutar ya fi kunna ta muhimmanci.

Idan ka gama, ka tona ɗan rami da yatsa ko wuƙa, zurfin rabin taƙi. Ka juye tokar a ciki. Ka zuba ruwa kaɗan, ka mai da yashi, ka taka. Sannan ka sa babban yatsa a cikin kan lofen. Idan da sauran ɗumi, bai isa shiga jaka ba.

Kada ka buga lofe a kututture ko a dugadugan takalmi ka wuce. Ka lura da kandilo musamman. Busasshen kashin shanu idan garwashi ya faɗa masa ba ya yin harshe, ba ya yin hayaƙin kirki. A hankali yake ci, kamar ba komai. Kai ka yi nisa, ka manta, sai iskar azahar ta taso ta hura shi cikin ciyawa.

Ka san abin da ke kewaye da kai a wannan lokaci. Karan da aka tara don dabbobi. Harawar wake da ta gyaɗa a kan itatuwa, wadda mai ita ke jiran bazara ta yi kuɗi. Rumbuna a bakin gari. Idan ka yi arewa da Mayahi, wajen da gonaki ke ƙarewa makiyaya ta fara, ciyawar da Fulani da Buzaye za su ci rani da ita ce shimfiɗe, kuma kowace shekara sai an sha wahalar share hanyoyin tare gobara saboda ita.

Ga kuma itatuwa. Tun shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi ke rainon tohon gawo da kalgo da sabara da magarya a gonakinsu, abin da ake kira sassabin zamani, har duniya ta san su da shi. Tohon da mutum ya yi shekara biyar yana gyarawa, wutar rabin awa ta gama da shi. Dokar gandun daji ta 2004 tana hukunta mai tayar da gobarar daji, amma tun kafin a je gaban hukuma, ka yi tunanin haɗa ido da mai gonar a masallaci.

11. Warin taba da naman daji.

Tsuntsaye, irin su zabin daji da fakara da hasbiya, ido da kunne suka fi aiki da su. Motsin hannunka da ƙarar ƙyasta birike su za su kore su. Masu ƙafa huɗu kuwa hanci gare su, kuma warin taba yana kama riga ya kwana.

Kada ka sha taba a cikin rigar farautarka a daren fita. Ka rataye ta a waje. Idan kana sanɗa, iska ta riƙa bugun fuskarka.

Wani zai ce da hayaƙin lofe yake gane inda iska ta dosa. Hujjar mashayi ce. Ka ɗebi ƙura da yatsu biyu ka saki, za ta gaya maka abu ɗaya, kyauta.

12. Idan bindiga ta ƙi tashi.

Ka ja kunama, shiru. Kada ka sauke ta, kada ka juyo da ita wajen mutane, kada ka leƙa. Ka ci gaba da saita ta inda babu kowa, ka ƙirga sittin a hankali. Albarushi mai danshi yakan yi jinkiri sannan ya tashi.

Kuma don Allah kada ka kusanto da garwashin lofe ko ashana wai za ka taimaka mata ta kama. Ka kira maƙeri ko dattijon da ya san yadda ake zare ɗuri.

13. Ranar hawa da ranar wasa.

A ganina ranar biki ta fi ranar farauta haɗari. A daji ku biyar ne ko goma, kowa ya san aikinsa. A ƙofar fada kuwa ga dawaki, ga makaɗa, ga yara suna kutsawa tsakanin ƙafafu, ga 'yan kallo da sigari a hannu, ga samari ana zuga su su ƙara ɗuri don tasu ta fi ta kowa ƙara.

Ranar nan ka bar taba a gida gaba ɗaya. Idan lofe yana cikin shigarka ta gargajiya, tare da rigar layu da warki, to ka riƙe shi wayam, ba taba ba wuta. Mai kallo ba zai san bambanci ba, hoto ma zai fi kyau.

Ku ware wuri ɗaya na ɗuri, a gefe, nesa da masu tuya da masu shayi da masu tsire. Ku sa mutum ɗaya mai faɗa a ji, aikinsa kawai korar mai wuta da korar yara. Sarkin bindiga ya duba ma'aunin kowa kafin a fara.

“Ai ba harsashi, albarushi ne kawai.” Wannan maganar ta cuci mutane da yawa. Tsumman ɗuri yana fita da ƙarfi, kuma da wuta a jikinsa. Baki sama, nesa da fuskar mutum da ta doki, nesa da jinka da zana da rumbu. Bayan an tashi, wani ya zaga ya duba inda tsummokaran suka sauka.

Ka sa tufafin auduga. Yadin roba idan ya kama wuta narkewa yake ya manne a fata. Ka toshe kunne sosai, don kurumtar da ƙarar bindiga ke jawowa ba ta warkewa.

Kada ka ɗauka ƙauyanci ne ko tsoro. A Amurka akwai ƙungiyar masu bindigar ɗuri da aka kafa tun 1933, wadda ke taronta a garin Friendship na jihar Indiana. Suna shigar mutanen da, wasunsu har da fararen lofen yumɓu, amma a layin halbi da wurin ɗuri an hana shan taba, babu wanda ake ɗaga wa ƙafa. Wasan doki da bindiga na Maroko, Tburida, ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2021, hawan sallar Kano ya bi baya a 2024. Namu na Tasawa da Mayahi ba zai ɗore ba idan kowace shekara sai an kwashi wani zuwa asibiti, don daga nan sai hukuma ta ce a daina.

Ka kuma tuna dokar yaƙi da taba ta Nijar, mai lamba 2006-12 ta watan Mayun 2006, ta hana sha a wuraren da jama'a ke taruwa. Ko ba doka, ba a busa hayaƙi a gaban sarki da dattawa.

14. Yara da karnuka.

Yaron da ke riƙe maka jaka yana koyon farauta ne, kada ya koyi taba a hannunka. Kada ka aike shi sayo ta, kada ka ce ya kunno maka a murhu. Ƙaho ma ba kayan yaro ba ne.

Ka ɓoye batta daga karnuka. Taba guba ce gare su, ɗan kwikwiyo idan ya haɗiyi da yawa zai iya mutuwa.

15. Idan tsautsayi ya gitta.

Ƙuna: ruwa mai tsabta, mai sanyi, a yi ta zubawa kamar minti ashirin. A cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura. A rufe da tsumma mai tsabta. Ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, ban da baƙin mai, ban da toka. Idan albarushi ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa, kada a murza. Sai asibiti, a kuma tambayi allurar tetanus.

Saran maciji: dattin cikin lofe da tauna taba a tofa ba sa kashe dafi. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A kwantar da mutum, a hana ƙafar motsi, a ɗauke shi zuwa asibitin Tasawa ko na Mayahi, idan ta kama a wuce Maraɗi. Saran kububuwa yana da yaudara. Mutum zai ce ya ji sauƙi, daga baya jini ya fara fita ta dasashi. Kada a jira a ga hakan.

Don haka cikin kayanku a samu jarkar ruwa da ba ta sha ba ce, da waya mai caji da kuɗin kira, da lambar mai babur ko mai mota da zai zo idan an kira shi.

16. Idan wutar ce ba za ka iya kiyayewa ba.

Wasu a ranar fita sukan koma taba gari da kanwa, tunda ba ta buƙatar wuta. Ta ɓangaren albarushi, gaskiya ta fi. Ta ɓangaren baki da dasashi kuwa ita ma tana da nata sharrin, har da ciwon daji. Ni goro zan ce ka riƙe, da dabino. Yini ɗaya ne. Kana azumin wata guda ba ka mutu ba.

17. Dawowa gida.

Ba a shiga gari da bindiga a ɗure. A sauke ta tun a daji, a inda ya dace. A gida ka wanke bututun a ranar, don dattin albarushi yana jan danshi ya ci ƙarfe. Ka busar, ka shafa mai.

Albarushi ya kwana a wuri mai sanyi, busasshe, a kulle, nesa da madafa da fitilar kananzir da turaren wuta. Ba a ƙarƙashin gadon da kake kishingiɗa ka sha lofen dare ba.

Ke kuma uwargida, ko ƙanwa, ko duk wadda ke haɗa masa guzuri: kina da hannu a nan. Idan kin ga batta da ƙaho a jaka ɗaya, ki fitar da battar ki ajiye masa a kan tabarma. Idan ya yi faɗa, ya yi. Kuma idan kina share ɗakinsa, sharar da kika kwaso daga inda yake ajiye kayan bindiga kada ta shiga murhu. Ki kai ta waje ki zuba mata ruwa.

Kai kuma, kafin ka kwanta yau, ka nemo jaka ta biyun nan. Idan babu, tsohuwar safa ma ta isa ta riƙe lofe da batta zuwa ranar kasuwa.